Tsadar Barolo da Makomar Ƙaramin Manomi

A arewa maso yammacin Italiya, cikin yankin Piyemonte, akwai wasu tuddai da ake kira Lange. A ƙauyuka 11 na waɗannan tuddai kaɗai doka ta yarda a yi jar giyar inabi mai suna Barolo, kuma da irin inabi guda ɗaya, nebbiolo, wanda ake danganta sunansa da hazon da ke lulluɓe tuddan lokacin girbi. Dokar ta ce sai giyar ta yi aƙalla wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako, kafin a kai ta kasuwa. Ko wanda giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba yana da abin dubawa a nan, domin zancen gona ne da gado da farashi.

Lange ba ƙasar wadata ba ce a da. Littafin Beppe Fenoglio mai suna La malora, wanda ya fito a 1954, labarin yunwa ne da ƙwadago a waɗannan tuddai. Samari sun yi ta barin gona suna tafiya masana'antar motocin Fiat a Turin, kuma mafi yawan waɗanda suka rage inabinsu suke sayar wa manyan ƴan kasuwa a farashin da aka yanka musu. A 1986 kuwa masifa ta auku: giya mai arha da aka gauraya da sinadarin metanol a Narzole, kusa da Barolo, ta kashe mutane kusan ashirin, ta makantar da wasu. Sunan giyar Italiya ya zube a idon duniya.

Waɗanda suka ɗaga shi ƙananan manoma ne da suka fara zuba giyarsu a kwalba da sunan gidansu. Sai dai sun rabu gida biyu. Elio Altare na La Morra ya je Burgundi a Faransa a 1976, ya ga manomi irinsa yana rayuwa cikin rufin asiri, ya dawo da niyyar canza komai. A 1983 ya sa zarton inji ya daddatse manyan gangunan mahaifinsa, ya kawo ƙananan gangunan Faransa masu cin lita 225. Mahaifin ya cire shi daga gado. A ɗaya ɓangaren akwai Bartolo Mascarello, mai gonar da ba ta wuce kimanin hekta 5 ba, wanda ya tsaya kan manyan ganguna da doguwar tsimawa, yana haɗa inabin gonakinsa cikin giya ɗaya kamar yadda kakanni suka yi. Har takardar kwalba ya zana da hannunsa yana tir da ƙaramar ganga da Berlusconi a layi guda.

An sha ba da wannan labari tamkar yaƙin tsoho da sabo, kuma masu sharhi suna jin daɗinsa. Amma gardamar ganga ta daɗe da lafawa; gidaje da yawa yau tsaka-tsaki suke. Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne alƙalin da ya shigo tsakaninsu, wato maki. Ba'amurke Robert Parker ya yayata auna giya da maki 100, mujallu suka bi sahu. Daga nan attajirin da ke New York ko Hong Kong, wanda bai taɓa taka tudun Cannubi ba, ya samu hanyar sayen kwalba da lamba kawai. Gidan da ke fitar da kwalba dubu talatin a shekara ba zai iya ƙara yawanta ba, tunda gona ba ta haihuwa. Masu nema suka yi yawa, abin nema ya tsaya cik. Kwalbar Monfortino ta gidan Giacomo Conterno takan haura Yuro 1,000, kuma da yawan irin waɗannan kwalabe daga ɗakin ajiya suke zuwa gwanjo, daga gwanjo su koma wani ɗakin ajiya, ba a taɓa cire musu murfi ba.

Adalci ne a ce kuɗin masu tara kwalabe sun yi rana. Su suka gyara rufin gidaje, suka mayar da ƴaƴan manoma gona, kuma da wannan suna ne UNESCO ta sa gonakin yankin cikin kayan tarihin duniya a 2014. Wanda ya taɓa sayar da amfanin gonarsa a wulaƙance ba zai yi kukan tsada ba.

Illar tana ƙarƙashin ƙafa. Farashin kwalba ya ja farashin ƙasa, har hekta ɗaya a tuddai mafi daraja ta wuce Yuro miliyan 2, wato sama da Sefa biliyan 1 da miliyan 300. Babu noman da zai mayar da wannan kuɗi a rayuwar mutum ɗaya. Saurayin ƙauye da ke son fara nasa ba shi da hanyar shiga. Mafi muni shi ne ranar rabon gado: idan uba ya bar ƴaƴa uku, ɗaya manomi, biyu a birni, manomin ba zai iya biyan ƴan'uwansa rabonsu ba, sai a sayar. Dokar Italiya ta ba maƙwabcin da ke noma da hannunsa damar riga kowa sayen gonar da ke iyaka da tasa, abin da ya yi kama da shuf'a a fiƙihu, amma a farashin da baƙo ya taya. Damar da aljihu bai kai ta ba sunanta kawai dama.

Saboda haka yabon da ake yi wa masu tara kwalabe, cewa su ne garkuwar ƙaramin mai sana'a, ya wuce gona da iri. Abin da suke ƙauna shi ne ƙaranci, kuma ƙaranci ba ya tambayar wanda ke riƙe da takardar gona. Matuƙar sunan gida na nan a jikin kwalba, makin na nan, farashin ma na nan, ko da iyalin sun tafi. Masu sharhi da ke ba da maki ga ƙamshi da ɗanɗano ya kamata su riƙa gaya wa mai karatu wa ya mallaki gonar, wa ya sassabe ta, wa ya yanke ranar girbi, domin wannan ne ya bambanta aikin hannu da kayan kamfani.

Bartolo Mascarello ya rasu a 2005, ƴarsa Maria Teresa ta ci gaba da manyan ganguna a ƙauyen Barolo. Gidan Vietti na Castiglione Falletto kuwa, wanda ya daɗe a hannun iyali ɗaya, an sayar da shi ga iyalin Krause na Amurka a 2016. Luca Currado, magajin gidan, ya ci gaba da jagorantar aikin na wasu shekaru, sannan ya bar shi a farkon 2023. Sunan Vietti yana nan a kwalba.