"Peremen": waƙar Tarayyar Sobiyet da ta jefa mutum biyu kurkuku a Belarus

Ana saura kwana uku a yi zaɓen shugaban ƙasa na ranar 9 ga Agustan 2020 a Belarus, masu kula da sauti biyu suka saki wata tsohuwar waƙa a taron da hukumomi suka shirya a Minsk. Kotu ta ɗaure su kwana goma-goma.

Waƙar ita ce "Peremen", wato sauye-sauye, ta ƙungiyar kiɗan rock ta Kino daga Leningrad, wadda Viktor Tsoi ke jagoranta. Ta shahara bayan da aka rufe fim ɗin Assa da ita a 1987, lokacin da Mikhail Gorbachev ke sassauta ƙangin Tarayyar Sobiyet. Tsoi ya rasu a haɗarin mota a Latbiya a 1990, yana ɗan shekara 28, kafin rushewar tarayyar.

Babu sunan shugaba ko jam'iyya a baitocinta. Tana siffanta mutane ne a ɗakin girki, ga shayi ga sigari, suna begen sauyi kuma suna tsoronsa. Wannan rashin kama suna shi ya ba ta tsawon rai: kowane zamani yana cusa nasa azzalumin a gurbin da ta bari.

Mazauna wata unguwa a Minsk sun zana hoton mutanen biyu a bango. Hukuma na gogewa, suna sake zanawa. Alexander Lukashenko, wanda ke mulki tun 1994, ya murƙushe zanga-zangar. Waƙar ta tara jama'a a titi, amma ba ta kai ga raba jami'an tsaro da shi ba.