Kwamfuta Tana Tuna Abin Da Muka Buɗe

Masu karatu, da yawa daga cikinmu mukan rubuta wasiƙa ko lissafin kuɗin makaranta a kwamfuta, mu ajiye, washegari mu rasa inda muka sa. Alhali kuwa na'urar tana riƙe da sunayen takardun da aka buɗe kwanan nan. Ba sabon abu ba ne. Windows 95, wadda ta fito a 1995, takan nuna guda 15 na ƙarshe in an danna Start.

A Windows 11 ta 2021 ga yadda ake yi. A shiga Settings, a zaɓi Personalization, sa'an nan Start. Akwai layin da ke maganar abubuwan da aka buɗe kwanan nan. A kunna shi. Daga nan takardun za su riƙa fitowa a Start, ƙarƙashin Recommended.

Sunayen nan nuni ne kawai, kamar rajistar aji. Cire suna daga jerin ba ya taɓa takardar kanta.

Amma a gidan da kowa ke amfani da kwamfuta ɗaya, sai a yi hankali. Malami ya shirya tambayoyin jarrabawa da dare, da safe ɗansa ɗan aji shida ya danna Start, ga takardar a gabansa. Shawararmu, kowa a buɗe masa nasa wurin shiga da kalmar sirri. In ba hali, a kashe layin nan. Kashewar tana goge jerin duka, takardun kuwa suna nan inda aka ajiye su.