Ra'ayinmu: Nas ɗin da ke waje ta riƙe lasisin gida, hukuma kuma ta sassauta hanya

Lasisin aikin jinya a Najeriya shekara uku yake yi ya ƙare, kuma ba ruwansa da inda mai shi take kwana. Nas ɗin da ke dutin dare a asibitin Murtala na Kano ba ta da zaɓi idan wa'adin ya cika, domin doka ba ta yarda ta taɓa majiyyaci da mataccen lasisi ba. Abokiyar karatunta da ke aiki a Jidda ko Manchesta ce ke da abin tunani. Tana da lasisin ƙasar da take zaune, da shi take cin abinci, na gida kuwa yana can ƙasan akwati tare da takardun makaranta. Ta sabunta shi, ko ta bar shi ya mutu?

Masu wannan tambaya suna da yawa. A watan Fabrairun 2024, magatakardan Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, na wancan lokaci, Dokta Faruk Umar Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Duk wanda ya fita a wancan zango, lasisin da ya tafi da shi ya riga ya ƙare ko yana gab da ƙarewa.

Masu cewa a bar shi ya mutu suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Wadda ke Birtaniya tana biyan hukumar jinya ta can kuɗin rajista duk shekara, wanda aka tsayar a fam 120 a 2015. Duk shekara uku kuma sai ta sake tabbatar da cancantarta: shaidar aikin awa 450, awa 35 na ƙarin ilimi wanda 20 daga ciki dole a yi su tare da wasu, rubutaccen nazari guda biyar kan abin da ta koya a bakin aiki, ra'ayi biyar daga majiyyata ko abokan aiki, sannan wani ya duba komai ya sa hannu. Bayan duk wannan sai a tuna mata cewa lasisin gida ma yana da nasa kwas ɗin dole, MCPDP, wanda aka ɗaure sabuntawa a kansa. Ga kuma wahalar yin abu daga nesa. Sai ka ga nas ta sauka daga dutin awa goma sha biyu da safe, maimakon ta kwanta, tana riƙe da waya tana yi wa ƙanenta a Zariya bayanin yadda zai ciro lambar biyan kuɗi ta Remita, ya biya a banki, ya ɗauki hoton rasit ya turo mata ta WhatsApp. Can da azahar sai ga saƙonsa: "Yaya, sun ce babu netwok, sai gobe." Wadda ta sha irin wannan sau biyu, ba a ga laifinta ba idan ta ce ta haƙura.

Akwai kuma tabon da 2024 ta bari. A Fabrairun shekarar NMCN ta fitar da sababbin ƙa'idojin tantance takardu ga masu neman aiki a waje: sai nas ta yi shekara biyu tana aiki bayan samun cikakken lasisi, sai an samu wasiƙar shaida daga shugaban wurin aikinta da kuma makarantar da ta gama, sannan tantancewar ba za ta kasa wata shida ba. Ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas, wasu suka garzaya kotun ma'aikata, Majalisar Wakilai ta sa baki. Shafin tantancewar ya shafe watanni a rufe kafin a sake buɗe shi a Satumba, kuma a tsakanin nan mutane da dama sun zauna da takardar ɗaukar aiki a hannu ba su san makomarsu ba. Waɗanda suka tsallake bayan wannan dambarwa, da yawansu kallon mai tare hanya suke yi wa hukumar, don haka ba su ga dalilin ci gaba da aika mata kuɗi ba. Sukan ƙara da cewa ai sunansu yana nan cikin rajista ko da lasisi ya ƙare, kuma wannan gaskiya ne. Rajista sau ɗaya ake yi; izinin aiki ne ke mutuwa.

Duk da haka, ra'ayinmu shi ne a sabunta. Ba don hukumar ta kyauta ba, sai don nas ɗin ce ke da asara idan ba ta yi ba.

Zaman da ake yi a ƙasar wani na aro ne, har sai ranar da aka samu takardar zama ta dindindin. A Saudiyya, inda 'yan Arewa da dama suka fi karkata saboda addini da kusanci da Harami, igama, wato izinin zama, a ɗaure take da wurin aiki, kwantiragi kuma na wa'adi ne, ga shi masarautar ta daɗe da tsarin fifita 'yan ƙasa a guraben aiki. Ranar da asibiti ya ce ba zai sabunta kwantiragi ba, kwanakin haɗa kaya ƙidayayyu ne. Birtaniya ma ta nuna yadda take sauya ƙa'ida cikin ƙanƙanen lokaci: a Maris ɗin 2024 ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi da nakasassu tahowa da iyalansu, a Yulin 2025 kuma ta rufe ƙofar ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje gaba ɗaya. Matakan ba su shafi nas-nas masu rajista ba, amma wanda ya ga yadda aka yi da maƙwabcinsa ya kamata ya san siyasar baƙi ba ta da tabbas. Nas ɗin da ta dawo ba shiri, lasisinta a raye, za ta iya neman aiki a asibitin Shika ko na Malam Aminu Kano cikin makon da ta sauka. Wadda nata ya shekara shida a mace kuwa sai ta fara da biyan bashi da tara da neman kwas, alhali kuɗin da ta taho da su suna zurarewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ko ba a dawo gida ba, ana buƙatar gida. Ma'aikaciyar jinya ba ta cika tsayawa ƙasa ɗaya ba: daga Saudiyya a nufi Katar ko Dubai, daga Birtaniya a hango Kanada ko Amurka ko Ostireliya. Kowace sabuwar hukuma kuma ba ta yarda da takardar da ke hannun mai nema. Tushe take komawa. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna ba kamfanin DataFlow aikin tuntuɓar makaranta da hukumar da ta ba da lasisi kai tsaye. Mai neman shiga Amurka, cibiyar tantance takardun ma'aikatan jinya ta can za ta so tabbaci daga kowace hukumar da ta taɓa ba ta lasisi, na da da na yanzu. Tun da aka bankaɗo maguɗin jarrabawar shiga aikin jinya na Birtaniya a wata cibiya da ke Ibadan a 2023, takardun 'yan Najeriya sun ƙara shan bincike, kuma masu gaskiya ne suka fi jin jiki. To, duk wannan tuntuɓa teburin NMCN take komawa. Ƙa'idojin nan na 2024 sun ma fito fili sun ce mai neman tantancewa sai lasisinta yana raye, da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ko me ya faru da sauran sharuɗɗan daga baya, wannan ya nuna inda hankalin hukumar ya karkata.

Batun kuɗi kuwa, a gaskiya ya yi sauƙi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 darajarta ta zube, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin da ke yi wa nas ɗin asibitin karkara nauyi, ga mai karɓar albashi da fam ko riyal bai kai ya kawo ba. Kuma duk wadda ke da burin ta zo hutu ta taimaka a aikin jinya kyauta a garinsu, ko ta koyar a makarantar da ta yaye ta, ko wata rana ta buɗe ɗan wurin karɓar haihuwa, ta sani lasisin Landan ba ya aiki a Funtuwa.

Ba mu ce kowa da kowa ba. Wadda ta shekara ashirin a waje, ta zama 'yar ƙasa, ritaya ta matso, 'ya'ya da jikoki duk suna can, ba mu ga abin da lasisin gida zai ƙara mata ba. Irin wannan kamata ya yi a ba ta hanyar ajiye shi a hukumance, ba tare da bashi yana taruwa a kanta ba.

Nan ne muka zo kan rabon hukuma, kuma nata ya fi nauyi. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, tare da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da gatan yanke alaƙa da dubban 'ya'yanta da ta horar. A Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya gabatar, kuma cikin alkawuranta akwai sauƙaƙa wa na waje dawowa. Sabunta lasisi shi ne wuri mafi arha da za a gwada gaskiyar wannan alkawari. Filifin, wadda ta fi kowa gogewa a harkar tura nas-nas waje, a 2019 ta ɗauke wa ƙwararrunta da ke aiki a ƙetare sharaɗin tara makin ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi. Ba lallai Najeriya ta kai can ba. Ya isa a rubuta ɓaro-ɓaro a wuri guda cewa nas mai rayayyen lasisin Birtaniya ko Saudiyya, wadda ta cika sharuɗɗan ƙarin ilimi na can, ta cika na gida, illa wani ɗan gajeren darasi ta intanet kan abin da ya keɓanta da mu, irin su zazzaɓin Lassa da sanƙarau da ƙa'idojin aiki na ƙasa. A iya biya da katin bankin waje, a kuma ƙayyade kwanakin da za a ɗauka kafin amsa ta fito.

Bashin shekarun baya ma yana buƙatar iyaka. Idan tara ta ci gaba da hauhawa ba ƙarshe, wadda ta yi sakaci na shekara uku za ta ga gara ta yi na har abada, ƙasa kuma ta rasa ta. A buɗe wa'adin afuwa na wata shida ko shekara, a yafe tara, a karɓi kuɗin zango ɗaya. Hukumar za ta samu abin da ya fi kuɗin: fom ɗin sabuntawa da ke tambayar ƙasar da mutum yake, da fannin da ya ƙware, da ko yana sha'awar zuwa koyarwa na ɗan lokaci, zai ba ma'aikatar lafiya sahihiyar ƙidayar ma'aikatan jinyarmu na waje.

Sharaɗi ɗaya ne ba za mu sassauta a kai ba: kada a sake mayar da lasisi ko tantancewa takunkumin hana fita. An gwada a 2024, abin da ya haifar shi ne zanga-zanga da shari'a da rufaffen shafi. Mai son nas ta zauna a Gusau ko Damaturu, albashi da kayan aiki da tsaron asibiti zai gyara, kuma wannan aikin gwamnoni ne da ma'aikatar lafiya, ba na magatakarda ba.