Da ɗan gari akan ci gari

A watan Maris na 2013 tashar ITV ta ƙasar Ingila ta soma nuna wani wasan kwaikwayo mai kashi takwas, Broadchurch, wanda Chris Chibnall ya rubuta. A 2014 tashar France 2 ta watsa shi da Faransanci. Labarin gajere ne: an wayi gari a wani ƙaramin gari na bakin teku, aka tsinci gawar yaro ɗan shekara 11, ƴan sanda biyu kuma suka shiga neman wanda ya kashe shi.

Akwai malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu a Arewa da ke yi wa irin wannan wasa kallon sharholiyar Nasara. A wurinsu kisan yara cuta ce ta ƙasashen da zumunci ya mutu; a Dogondutsi, Matankari ko Tibiri kuwa ɗa na kowa ne, ido dubu ke kansa. Maganar tana da daɗin ji, amma tana da haɗari, domin ita ce ainihin abin da mutanen garin Broadchurch suka yarda da shi kafin masifa ta auka musu.

Duk wanda ya bi wasan har ƙarshe ya san inda zargi ya fara faɗawa. Jama'a da ƴan jarida sun tasa wani tsoho mai sayar da jaridu a gaba, suka tono tsohon laifinsa, suka hana shi sakat har ya kashe kansa, alhali ba shi da hannu. Wanda ya yi kisan kuwa mijin ƴar sandar da ke binciken ne, uban abokin yaron, mutumin da ba wanda ya taɓa yi wa kallon tuhuma. Garin ya zura ido ga wanda ya fi sauƙin zargi, ya manta da cikin gida.

Mai cewa wannan ƙagaggen labarin Turawa ne, to ya dubi Kano. A watan Disamba na 2021 aka sace wata yarinya ƴar shekara biyar. A watan Janairu na 2022 aka tono gawarta a harabar wata makaranta, aka kuma gano cewa mai makarantar da take karatu ne ya sace ta don neman kuɗin fansa, sannan ya kashe ta. A watan Yuli na wannan shekarar Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa. Malami ne, Bahaushe ne ya ba shi amanar ƴarsa, a birnin da ba wanda zai ce zumunci ya ƙaura daga cikinsa. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa.

Masu adawa suna da hujja guda mai ƙarfi: wasan yana ɗauke da al'amuran da ba su dace da ɗaliban kwaleji ba, kuma azuzuwa da yawa ba su da ko lantarki. Haka ne. Ba a kuwa nemi a kunna Broadchurch a aji ba. Abin da ake nema shi ne a daina fakewa da kunya. Sau da yawa idan yaro ya faɗi abin da babba ya yi masa, amsar da yake samu ita ce ya yi shiru, a rufa wa gida asiri. Wannan rufin asiri mai laifi yake karewa, yaron kuma ya koyi cewa maganarsa ba ta da daraja.

Bincike ba baƙon abu ba ne a ƙasar Arewa. Kakanni sun riƙa kai ƙara gaban dutsen Tunguma da ke kusa da Lugu domin a fayyace mai laifi. Ko me mutum yake gani game da wannan al'ada, tana shaida cewa mutanen wancan zamani ba su ɗauki binne gaskiya a matsayin mutunci ba. Haka nan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, tun daga dandalin samariya har zuwa su Yazi Dogo a talabijin, ya saba taɓa abin da ake jin nauyin faɗa.

To me ya hana ƙungiyoyin yau rubuta nasu wasan, da harshen Arewa, wanda za a nuna a filin makaranta a Gesheme ko Kore Mairuwa? Wasan da zai nuna uwar da ta saurari ɗanta, da malamin da ya kai magana gaban jandarma maimakon ya kashe ta a zaure, da taron da ya kusa hallaka marar laifi saboda jita-jita. Turawa sun kwashi labarin sun mai da shi nasu: Amurka ta yi Gracepoint a 2014, Faransa ta yi Malaterra a 2015. Malaman Arewa suna da harshe, suna da ƴan wasa, suna da masu kallo. Yaran da za su zauna a sahun gaba su ne waɗanda wasan zai yi wa amfani.