Koken da ba shi da lamba ba ya samun amsa

Duk ɗalibin ilimin harshe ya san cewa misalin da ba a faɗi asalinsa ba, ba ya zama hujja. Wanda ya kawo jimla gaban malami sai an tambaye shi wa ya furta ta, a ina, kuma yaushe, domin karin Damagaram dabam yake da na Adar. Abin mamaki, wannan ɗalibi da ya ƙware wajen rubuta asalin kowace kalma, idan manhajar hira ta ɓata masa rubutu, abin da yake aika wa masu manhajar bai wuce "Hausa ba ta fita daidai" ba.

Matsalar sananna ce. A aika saƙo mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, ya isa wayar wani ya zama ɗan akwati wayam. Sai marubuci ya haƙura ya zubar da lanƙwasa, "ƙafa" ta koma "kafa", "ƙasa" ta koma "kasa". Harafin ƴ, wanda dokar rubutun Hausa ta 1999 ta tabbatar a Nijar, ya fi sauran shan wahala, tun da a Najeriya 'y ake rubutawa a madadinsa. Haruffan nan kuwa duk suna da gurbinsu a Unicode: lambar ƙ ita ce U+0199, ta ƴ kuma U+01B4. Laifin yana iya kasancewa a manhajar, ko a allon rubutu, ko a zubin haruffan da ke cikin wayar. Mai gyara ba shi da hanyar rarrabe su sai an ba shi lambobi.

Samo lambobin ba ya cin minti biyu. A WhatsApp, lambar sigar tana cikin saituna, a sashen taimako, ƙarƙashin bayanin manhaja. Telegram na Android yana nuna tasa a can ƙasan shafin saituna, tare da lambar gini, wadda ke bambanta fitowa biyu na siga ɗaya. Sigar Android da samfurin wayar suna cikin saitunan wayar, a sashen da ke bayani a kanta. A kwafe su yadda suke, ba ragi, a haɗa da hoton allo, da kalmar da ta lalace, da sunan allon rubutun da aka yi amfani da shi.

Wasu za su ce kamfanonin ba su damu da Hausa ba, don haka wahalar banza ce. Amma injiniyan da bai taɓa ganin ƴ ba, ba zai gyara abin da ya kasa maimaitawa a teburinsa ba, kuma koken da ya zo da cikakken bayani shi ake iya gwadawa. Babu wanda ya fi ɗaliban ilimin harshe cancantar rubuta irinsa. Ya dace malamai su sanya shi cikin darasin tattara bayanai, kowane ɗalibi ya gwada haruffan huɗu a wayarsa, ya rubuta lambobin, ya aika rahoto.