Waiwaye: Shekarar da Kamfanoni Suka Juya wa Tiger Woods Baya

Da yawanmu ba mu san ƙa'idar wasan golf ba, amma fuskar Tiger Woods mun san ta sarai. Mun sha ganinsa a tallar rezar Gillette, tsaye tare da Roger Federer da Thierry Henry, wanda ya yi tashe a Arsenal. A lokacin ya ci manyan kofunan golf 14, kamfanoni kuma na rububin ya sa musu hannu.

Da tsakar daren 27 ga Nuwamba 2009 motarsa ta daki bishiya kusa da gidansa a jihar Florida ta Amurka. Cikin 'yan kwanaki asiri ya tonu cewa ya daɗe yana cin amanar aurensa. Kamfanin Accenture ya raba gari da shi a watan Disamba, AT&T ya bi sahu kafin shekara ta ƙare, Gatorade kuma a Fabrairun 2010. Gillette ya janye shi daga tallace-tallacensa. Nike na cikin ƙalilan da suka tsaya masa.

A wancan zamani sai da jaridu suka yi ta tono. Yau kuwa waya na aljihun kowa. Mun ga yadda Adidas ya sallami Kurt Zouma na West Ham a 2022, bayan bidiyon da aka nuna shi yana shurin kyanwarsa ya karaɗe duniya.

Abin da muka manta shi ne, a watan da ake ta yanke hulɗa da Woods, har lokacin shi ne na ɗaya a duniya. Gwanintarsa na nan daram. Ashe miliyoyin dalolin da kamfanoni ke biyansa kuɗin hayar sunansa ne, na yardar da iyaye suka yi 'ya'yansu su yi koyi da shi. Da yardar ta tafi, kuɗin ma suka bi ta. Dattawanmu sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Muna son tuna 2019, lokacin da ya sake cin gasar Masters bayan shekara 11 ba babban kofi, kuma ya cancanci yabo a kan juriyarsa. Sai dai auren ya mutu tun Agustan 2010, ga yara biyu ƙanana a tsakani. Kamfani yana iya ɗaukar wani gwani gobe, amma iyali su ne ke ɗauke da nauyin har su girma da shi.

Yaranmu da ke buga ƙwallo a filayen unguwa suna mafarkin Turai da kwangilar takalmi, muna kuma yi musu fatan alheri. Haƙƙi ne a kanmu, iyaye da masu horarwa, mu koya musu riƙon amana a gida tun kafin su san yadda ake sa hannu a kwangila.