Gayyar Zamani: Gurbin Ɗalibin Hausa a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka baje rubutun umarninta a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Haka Linus Torvalds ya saki Linux a 1991, kuma har yau a kan ginshiƙinsa wayoyin Android suke aiki. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin gayya ce: kowa ya zo da fartanyarsa, a nome gona a yini guda. Ra'ayina shi ne, ɗalibin Hausa yana da gurbi a wannan gayya, kuma in bai tsaya a kai ba, babu mai cike masa.

A ɗauki Kokoro, cikin yankin Kilomita Biyar na birnin Bangui a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Hausawa suka daɗe suna fatauci. Ana cinikayya da Hausa da Sango, amma allon rubutun Faransanci da ke kan wayar ɗan kasuwa ba shi da ɓ, ɗ ko ƙ. Sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Ga kuma bambancin ƙa'ida: Nijeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa, kuma manhajar da ba a sanar da ita ba za ta ɗauke su kalmomi biyu, mai nema ya tashi hannu wayam. Injiniyan da ke Jamus ba zai ga wannan aibi ba, don bai san akwai shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Hanyar shiga ba ta da tsawo. Yawancin waɗannan ayyuka suna kan GitHub. Wanda ya ga kuskure sai ya kai rahoto, ya nuna kalmar da ta lalace da yadda ya kamata ta fito. In ya iya, ya kwafi aikin, ya gyara layin, ya miƙa wa masu kula su duba su haɗa. Sau da yawa gyaran bai wuce layi biyu ba. Wanda bai fara koyon rubuta umarni ba yana iya ba da muryarsa ga Common Voice, wanda Mozilla ta buɗe a 2017, ko ya bi sahun Masakhane da HausaNLP, masu tara bayanan harsunanmu a fili. Muryar Bahaushen Bangui tana da daraja ta musamman a nan, domin na'urar da ta ji Kananci kaɗai za ta yi tuntuɓe da Hausarsa.

Wani zai ce aikin ba lada, ga tsadar intanet, ga ɗaukewar wuta. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin cikas ba ne. Sai dai kowane gyara da aka karɓa yana nan a rubuce da sunan mai shi, shaida ce da zai nuna wa mai ɗaukar aiki a ko'ina. Haka nan ƙwararrun da suka duba aikinsa sun koyar da shi ba tare da ya biya ko sisi ba.

Saboda haka, ɗalibi ya fara da manhajar da ke hannunsa: ya rubuta ƙasa da kasa a wurin bincike, ya ga ko ta bambanta su. In ta gaza, ya sami rahotonsa na farko.